Inda Ji Ya Kori Gani: Yadda Waya Ke Yi Wa Makaho Karatu, Da Abin Da Ya Sa Take In'ina Da Hausa

Kawuna ya kusa shekara talatin a wani lungu da ke bayan Shara Mansur, a Makka. Ciwon suga ne ya fara taɓa masa ido, hawan jinin ido ya zo ya ƙarasa, yau shekara shida ke nan ko hasken fitila ba ya gani. Amma duk wanda ya leƙa ɗakinsa bayan la'asar zai same shi da waya a hannu, fuskarta baƙi ƙirin kamar a kashe take, ɗan yatsansa na ta sharar gilashi, wata murya kuma na zuba Larabci da gudun da mai ido ba zai tsinci ko kalma biyu a ciki ba. Ranar da na fara ganin haka sai na ce, "Kawu, ko wayar ta samu matsala ne, in kai ta gyara?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa zan kunna wa hasken? Ni na kashe shi da kaina. Caji ya fi daɗewa, na kusa da ni kuma ba ya leƙa mini asiri."

Kalmar nan ta asiri ita ce ta tsaya mini a rai. Mu masu ido in ana zancen na'urar da ke magana don makafi, tausayi ne ke fara zuwa mana: ai ga shi an samo musu abin ɗebe kewa. Su kuwa ba nan hankalinsu yake ba. Kafin Kawu ya koyi wayar nan, saƙon banki in ya shigo sai an kira yaro, sakamakon gwajin asibiti sai an kira yaro, saƙon iyalinsa daga Kano ma sai an kira yaro, kuma abin da yaro ya karanta da hantsi, kafin azahar ya zaga gida. A ƙasar nan ta Saudiyya abin ya fi tsanani, domin rayuwa gaba ɗaya ta tare a cikin waya. Harkar igama, wato takardar izinin zama, da biza tana manhajar Absher, izinin shiga Rauda yana Nusuk, layin ganin likita yana Sehhaty, tabbatar da cewa kai ne kai kuma yana Nafath. Wanda ba ya iya sarrafa wayarsa da hannunsa dole ya miƙa wa wani lambobin sirrinsa, ya koma yana fatan Allah ya sa mai amana ya miƙa wa.

Larabawa na kiran manhajar da ke yi wa makaho karatun waya ko kwamfuta ƙari'ush shasha, da yawa ma naɗiƙ kawai suke cewa, wato mai furuci. In aka juya sunan zuwa Hausa zai zama makarancin allo, sunan da ke sa ni murmushi, don sai ka ce almajiri ake nufi a tsangaya. Ba laifi, da shi zan ci gaba, tunda shi ma aikinsa ke nan, ya biya abin da aka rubuta masa a allo.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ana ɗauka manhajar tana kallon fuskar waya ne kamar yadda ni da kai ke kallo, sannan ta ba makaho labari. Ita ma makauniya ce. Abu biyu ne ke aiki tare a ciki: akwai ɗan aike mai zagayawa ya tattaro abin da ke kan allo ya tsara wanda za a fara faɗa, akwai kuma sanƙira, wato muryar da ke shelanta abin da aka miƙa mata. Kowannensu da nasa tarihin, da kuma nasa ciwon.

A zamanin kwamfutocin DOS aikin ɗan aiken mai sauƙi ne. Allon layi 25 ne, kowane layi da gurbin harafi 80, haruffan kuma suna ajiye a ƙwaƙwalwar na'ura a matsayinsu na haruffa, sai dai a je a kwaso. A 1986 wani masanin lissafi a kamfanin IBM, Jim Thatcher, ya fitar da irin wannan manhaja. Da Windows ta zo da hotuna da tagogi da linzami sai lissafi ya dagule, domin abin da ke kan allo ya tashi daga haruffa ya koma ɗigo-ɗigon launi, makafin da suka samu aikin ofis albarkacin kwamfuta suka shiga fargabar za a sallame su. Mafitar da aka tsaya a kai daga baya ita ce kowace manhaja ta riƙa ajiye wani kundi a ɓoye, bayan abin da ido ke gani, inda aka rubuta duk abin da ke kan allo da sunansa, da ko mene ne shi, da halin da yake ciki. Misali, "Aika, maɓalli, ba ya aiki yanzu." Microsoft ta fito da nata tsarin a 1997, Apple da Google kowa da nasa. Daga wannan kundin ɗan aike ke ɗebo labari.

To, in maginin manhaja ya zana kibiya mai kyau, ya yi mata launi, amma bai rubuta sunanta a kundi ba fa? Mai ido zai ga kibiya ya gane aikawa ake nufi. Makaho kuwa "zirr" kawai zai ji, wato maɓalli, shi ke nan. Na zauna da Kawu wata rana yana tura kuɗi gida ta wata manhaja da ba zan kama sunanta ba. Shi kaɗai ya bi duk matakan, ya zaɓi suna, ya rubuta adadin riyal, sai a shafin ƙarshe muryar ta ce zirr, ya matsa gaba ta ce zirr, ya ƙara matsawa ta ce zirr. Ɗaya na tabbatarwa ne, ɗaya na sokewa, ɗaya na komawa baya. Ya miƙo mini wayar bai ce uffan ba. Abin da ya raba shi da kammala aikinsa da kansa bai wuce kalma uku da wani ya yi ƙyuyar rubutawa ba.

Ba kuma rashin ƙa'ida ba ne. Ƙungiyar W3C mai tsara dokokin shafukan intanet ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu naƙasa tun 1999, ana ta sabunta su. Wata cibiya mai suna WebAIM, a Jami'ar Jihar Utah ta Amurka, tana binciken shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya da aka fi shiga, kowace shekara tun 2019, kuma ba a taɓa yin shekarar da masu kuskure suka gaza kashi 90 cikin ɗari ba. Kurakuran kuma su ne dai na kullum: hoto ba bayani, gurbin cikewa ba suna, rubutu dishi-dishi a kan launin da ya kusa haɗiye shi. Ga kuma jarrabawar nan ta "zaɓi hotunan da ke da mota a ciki" don a gane ko kai mutum ne, da lambar tabbatarwa da ke mutuwa kafin mai saurare ya fita ya jiyo ta ya dawo.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne manyan matakan da aka taka, makafi ne da kansu suka taka da yawa daga cikinsu. Ted Henter ɗan tseren babur ne a Amurka, hatsarin mota a 1978 ya tafi da idanunsa, ya koma ya koyi rubuta manhaja, ya fito da JAWS, ta DOS a 1989, ta Windows a 1995. Shekara da shekaru ita ke riƙe da kambu a ofisoshi, sai dai kuɗinta kan tasam ma dala dubu, wani lokaci ya fi na kwamfutar da za a ɗora ta a kai. Ba sai na faɗi irin kwafin da talaka ke samu ba. A ɓangaren Larabci, kamfanin Sakhr na marigayi Muhammad al-Sharikh, ɗan Kuwait ɗin nan da ya shigar da Larabci kwamfutocin gida tun shekarun 1980, ya fitar da manhajar Ibsar, ita ma da kuɗinta. Sai a 2006 wani matashi makaho a Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka haɗa hannu. Kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, ana iya ɗora ta a filash a jefa aljihu, a je wata kwamfuta mai Windows a soka ta fara magana. 'Yan sa-kai sun fassara ta zuwa harsuna sama da hamsin, har da Larabci.

Wanda ke aiki da kwamfuta ta wannan hanya ba ruwansa da linzami. 'Yan tudun nan biyu da ke kan F da J su ke nuna wa yatsunsa mazauninsu, sauran kuma hadda ce. Ba ya kuma zama ya saurari shafi daga sama har ƙasa, wa ke da wannan lokacin? Tsallake yake yi, kamar mahaddacin da ke neman aya ya bi ta kan izu-izu. A NVDA in ya danna H sai ya faɗa kan kanun magana na gaba, K ta kai shi mahaɗi, T jadawali, B maɓalli. Amma in mai shafin kumbura rubutu kawai ya yi don ido, bai shaida wa kundi cewa wannan kanu ne ba, H za ta ce babu komai, sai dai a bi layi-layi.

Labarin waya ya fi ban mamaki. Zamanin Nokia mai maɓallai makaho na iya haddace inda kowace lamba take, ga ɗan tudun nan a kan 5 yana nuna masa tsakiya. Da aka fito da waya mai gilashi sumul a 2007 kowa ya ce shi ke nan, an rufe musu ƙofa. A 2009 Apple ta saka VoiceOver a iPhone 3GS, ta kuma juya ma'anar taɓawa. Ga mai ido taɓawa umarni ce, ga wanda ya kunna VoiceOver kuwa tambaya ce. Ka ɗora yatsa a kan abu, wayar ta faɗa maka sunansa ba tare da ta buɗe shi ba. In shi kake so sai ka ƙwanƙwasa sau biyu a ko'ina a gilashin. Ka share yatsa dama ta matsa abu na gaba, hagu ta koma baya. Yatsu uku sau uku, ta sauke labule, wato baƙar fuskar nan da na tarar a wayar Kawu. Android tana da nata, TalkBack, a kan kusan wannan tsarin, kuma ita ce a hannun yawancin mutanenmu saboda sauƙin kuɗi. Duk biyun kyauta ne, galibi a cikin wayar suke zuwa. Na sha ganin 'yan'uwa suna yawon neman "wayar makafi" a kasuwa, alhali ga ta nan a aljihunsu, cikin saiti, ƙarƙashin abin da wayar Larabci ke kira imkaniyyatul wusul ko tas'hilatul istikhdam. A wurin ne kuma ake ƙara girman rubutu da kaifin launi ga tsohon da yana ta fara rufe wa ido amma yana ɗan gani. Sai dai kada a kunna wa dattijo ita a tashi a bar shi. Masu gyaran waya sun san mutanen da ke zuwa hankali tashe, wai waya ta fara magana ita kaɗai kuma ta ƙi jin taɓawa, har da masu tofa mata addu'a, nan kuwa TalkBack ce ta kunnu bisa kuskure.

Sai sanƙira. Muryoyin nan iri uku ne. Akwai wadda ba a naɗi muryar kowa ba, lissafi zalla ke ƙera sautin, kamar eSpeak da Eloquence, irin wadda duniya ta sani daga bakin na'urar masanin kimiyyar nan Stephen Hawking. Akwai wadda aka sa mutum ya yi sa'o'i yana karatu, aka yayyanka muryarsa gunduwa-gunduwa ana harhaɗawa. Sai ta yayi, wadda ƙirƙirarriyar basira ke koyo daga ɗimbin jimloli, tun bayan da kamfanin DeepMind ya nuna tasa mai suna WaveNet a 2016, wadda in ka ji ta sai ka rantse mutum ne. Hankali zai ba ka ta ƙarshen kowa zai zaɓa. Gogaggu da yawa kuwa ta farkon suke riƙe wa gam. Mutum in yana hira wajen kalma 150 yake furtawa a minti, mai ido in yana karatu a zuci ya wuce haka, makahon da ke jami'a ko ofis kuma so yake ya kamo shi. Sai ya ƙure gudun muryar, ninki biyu, ninki uku. Murya mai daɗi in aka ja ta da gudu takan cakuɗe, ta lissafi kuwa ko an ƙure ta kowane harafi na fita tsaf. Ga shi ba ta da nauyi, kana danna harafi tana faɗinsa. Jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba, in ya maimaitu a kan kowane harafi tun safe har magariba, ya isa ya sa wa mutum ciwon kai.

Larabci ya zo wa masu wannan sana'a da damuwar da duk wanda ya zauna a zaure gaban malam ya sani: wasali. Jarida da saƙon waya ba sa zuwa da shi. Kaf da ta da ba na iya zama kataba, ko kutiba, ko kutub. Ain da lam da mim na iya zama ilmi, ko tuta, ko ya sani, ko ya koyar. Don haka kafin murya ta buɗe baki sai wani ɓangare ya yi wa jimlar wasali, wato ya yi nahawu da sarfu nan take. An daɗe ana wannan aiki, an kashe dukiya a kai, shi ya sa yau Maged a wayoyin Apple, da Naayf a Windows, da Laila da Salma na kamfanin Acapela suke karanta labarai yadda za a fahimta. Duk da haka sukan yi tuntuɓe a ƙarshen kalma da sunayen mutane. Kawu, da yake ya sha Ajurumiyya, littafin nahawun Larabci, tun yana yaro, ba ya ƙyalewa, sai ka ji yana yi wa waya gyara da ƙarfi: "Mansubi ne, ke, ba marfu'i ba." Alƙur'ani kuwa ba a damƙa wa waɗannan muryoyi shi. Wannan na alarammomin da aka naɗi karatunsu ne, ko kuma Mus'hafin rubutun Braille da ake ajiyewa a Harami, mujalladi shida, wanda yatsa ke bi daga hagu zuwa dama duk da Larabci ne.

Ƙasar nan ta saba ganin makaho a kan kujerar ilimi. A Madina Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya yi ladanci, shi ne wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar masa riƙon gari. Muftin Saudiyya na farko, Shaikh Muhammad bin Ibrahim, makaho ne. Shaikh Abdul'aziz bin Baz ya rasa ganinsa yana wajen shekara ashirin, wanda ya gaje shi a 1999, Shaikh Abdul'aziz Alush Shaikh, shi ma haka. Amma su sun kasance suna da ɗalibai da magatakarda masu yi musu karatu dare da rana. Makarancin allo ya sauko wa talaka ne da abin da a da sai babban malami ke da shi. Tun 1960 aka buɗe Ma'ahadun Nur na makafi a Riyad, akwai kuma ƙungiyoyi irin su Ibsar a Jidda da Kafif a Riyad da ke hidimar marasa gani. Wanda Larabci ya zauna a bakinsa, hanyarsa a share take.

Tangarɗar tana farawa ne daga inda Hausa ta shigo. Ba za ka samu muryar Hausa cikin waɗanda ke zuwa da iPhone ko Windows ba. In saƙo ya zo wa Kawu daga gida da boko, muryar Turanci ce ke karɓa, ita kuwa da dokokinta take karatu. Mace ta zama "mes", dare ya zama "deya", same ta zama "sem", take ta zama "tek". Kunne kan saba da wannan gurguwar Hausa, amma sai an sha wuya. Haruffa masu lanƙwasa kuma, ƙ da ɗ da ɓ, wasu muryoyin tsallake su suke yi, ƙasa ta koma "asa", ɗaki ya koma "aki", wasu kuma su tsaya suna karanto dogon sunan harafin a tsakiyar kalma. Ka ga abin haushi ke nan: wanda ya kiyaye ƙa'idar rubutu ya wahalar da mai saurare, wanda ya yi watsi da ita kuma ya haɗa masa kafa da ƙafa, daga da ɗaga, kasa da ƙasa.

Ko da an magance wannan, akwai wanda ya fi shi zurfi. Bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya ne. Wuya ta wahala da wuya na sarƙa, fari na launi da fari na rashin ruwa, ma'aikata masu aiki da ma'aikata wurin aiki, duk haka. "Ya tafi" na iya zama labari, na iya zama umarni. Mu mun saba, ido na wucewa zuciya na sa karin da ya dace ba tare da mun lura ba. Na'ura kuwa sai an koya mata, kamar yadda aka koya wa ta Larabci wasali. Bambancin shi ne Larabci na da littattafai masu cikakken wasali jibge, na ƙarni da ƙarni, da za a koyar da na'ura da su. Mu abin da muke da shi ƙamus ne, irin na Bargery na 1934 da waɗanda suka biyo baya, masu nuna karin kowace kalma ita kaɗai, ba jimloli masu gudana ba.

Ga kuma namu halin. Slm, ykk, lfy, ngd: ido ya san su, murya kuwa sai ta yi ta lissafo baƙaƙe ɗaya-ɗaya. Yaranmu haifaffun nan da ba su yi boko ba kuma da haruffan Larabci suke rubuta Hausa a WhatsApp, ba irin ajamin iyayenmu mai cikakken wasali ba, tsirara haka. Muryar Larabci na ganinsa sai ta ɗauka nata ne, ta yi masa wasalin da ta ga dama, abin da zai fito ba Hausa ba, ba Larabci ba.

Wani ɗalibi makaho ɗan Nijar da ke karatu a Madina ne ya koya wa Kawu dabarar da yake amfani da ita yanzu: in saƙon Hausa ne, ya juya zuwa muryar Indunisiya. Da farko na ɗauka wasa ne. Ashe rubutunsu ya yi kama da namu ta wurare masu muhimmanci. Wasulan nan biyar suna fita kusan yadda muke furta su, c ɗinsu irin tamu ce ta "ci" da "cewa", haka j da y da w. Takan yi ɗingishi a sh da ts, ba ta kuma san lanƙwasa ba, amma VoiceOver da NVDA duk suna da wurin da mutum zai rubuta wa murya yadda yake so ta furta wani abu, a nan ake yi mata gyare-gyare. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Kawu ya ce shekara talatin yana maƙwabtaka da 'yan Jawa, wato mutanen Indunisiya, a Makka, bai taɓa zaton wata rana Bajawiya ce za ta riƙa karanta masa wasiƙar gida ba.

Ba a zaune ake ba gaba ɗaya. A 2023 kamfanin Meta ya saki muryoyin gwaji na harsuna sama da 1,100, har da Hausa, waɗanda aka koyar galibi da karatun Littafi Mai Tsarki da aka naɗa. Shirin Common Voice na Mozilla ma yana tattara muryoyin Hausawa 'yan sa-kai. Sai dai muryar da za ta karanta jimla ɗaya a burge jama'a daban, wadda makaho zai wuni da ita daban. Ta biyun dole ta zauna a cikin wayar ko babu intanet, ta amsa nan take, ta iya lambobi da kwanan wata da riyal da naira, ta iya faɗin harafi ɗaya-ɗaya in ana rubutu, ta san sunan waƙafi da aya da alamar tambaya, kuma kada ta rikice in jimla ta fara da Hausa ta ƙare da insha Allahu.

A ganina hanya mafi kusa ba ta jiran manyan kamfanoni ba ce. Ita eSpeak ɗin nan mai muryar gwangwani, wadda wani Bature ɗan Ingila, Jonathan Duddington, ya ƙirƙira, kuma take zuwa a cikin NVDA, ana ƙara mata harshe ne da rubutattun dokoki: wannan harafi ga sautinsa, ga jerin kalmomin da suka saɓa wa doka, ga yadda ake ƙirga. Da na duba jerin harsunanta na ga Swahili da Amharik da Oromo da Setswana, ban ga Hausa ba. Bokon Hausa kuwa yana da tsari, kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa. Zubin farko, ko babu karin sauti, zai riga ya raba ƙ da k, ya daina mayar da mace mes. Aiki ne na mai rubuta manhaja, da masanin furuci irin waɗanda ke Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, da makafi masu saurare su ce nan ya yi, nan bai yi ba. Masu buƙata kuma ba kaɗan ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta makafi sama da miliyan ɗaya cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, Arewa maso Gabas ce kuma kan gaba wajen kason makafi cikin jama'arta.

Saura hotuna, nan kuma laifin namu ne, mu 'yan zaurukan WhatsApp. Sanarwar ɗaurin aure hoto, ta rasuwa hoto, jadawalin karatun malam hoto. Abin da Kawu ke ji shi ne "sura", hoto, sai kuma jerin masu cewa Allah ya jiƙansa, shi kuwa bai san wa ya rasu ba. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin cike wannan giɓi, su ne ma ke da ɗan abin da za a kira ido. Fasahar ciro rubutu daga hoto ta tsufa, tun 1976 Ray Kurzweil ya fito da na'urar da ke karanta wa makafi bugaggen littafi, yanzu kuma ta shige waya. Seeing AI ta Microsoft, ta 2017, tana karanta takarda da kwalin kaya. Be My Eyes, wadda wani ɗan Denmak mai raunin gani ya kafa a 2015, tana haɗa makaho da ɗan sa-kai ta bidiyo ya duba masa abu, daga 2023 kuma ƙirƙirarriyar basira na iya siffanta hoton da kanta. Suna da amfani ƙwarai. Amma hoton takardar asibitin da ka ɗauka yakan tafi na'urorin wani kamfani a wata ƙasa, zancen asiri ya dawo ke nan ta bayan gida. Kuma na'urar kan yi kuskure da cikakkiyar gadara, ba ta ko gyaran murya. A kan launin riga ba komai, a kan adadin ƙwayar magani kuwa ban yarda Kawu ya dogara da ita ita kaɗai ba. Wanda ya tura hoton, da ya ƙara layi ɗaya a ƙasansa ya ce wane ne ya rasu, jana'iza ƙarfe kaza, da duk ba a kai ga wannan ba.

Kuɗin nan da muka tura ran nan, ta hannun wani ɗan'uwa za su isa ga ƙanwar Kawu a Kano. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo daga ɗanta, Bajawiyar ta karanta: "ya bata kudin." Kawu ya tsaya cak. Ya sa ta maimaita, ya koma ya bi kalmar harafi-harafi, b, a, t, a. Ba lanƙwasa, ba tazara a tsakani. Ya miƙo mini in duba, ni mai idon ma ban ga abin da ya fi wanda ya ji ba. Sai ya danna alamar makirfo ya ce, "Kai yaro, buɗe baki ka yi mini magana. Ba ta ya yi, ko ɓatawa ya yi?" Amsar ba ta zo ba sai bayan isha'i, da murya, ana jiyo kukan awaki a bayanta: ba ta ya yi, har ta sayi buhun masara.